Koren Ɗigo a Hular Cornell

Litinin, 4 ga Agusta, da sassafe

Gwiwa ta tashe ni tun agogo bai yi ƙara ba. Mako na biyu ke nan a sansanin atisayen ƙwallon ƙafar Amurka, abinci iri ɗaya, zafi iri ɗaya, fuskoki iri ɗaya. Matata Marlene ce ta cusa mini wannan littafi a jaka, wai likita ya ce tunda ba na amayar wa mutane abin da ke cikina, in riƙa amayar wa takarda. To, ga shi ina yi, don kada in koma gida a ce ko buɗe shi ban yi ba.

Lainbaka, wato 'yan tsaron tsakiya, bakwai gare ni bana, gurbi biyar. Ran Talata 26 ga wata dole ƙungiya ta rage 'yan wasa, kuma babban kocinmu Strand ya riga ya ce ɗakina, wato rukunin lainbaka, mutum biyar zai riƙe. Na tsufa ina koya wa samari su tsaya bayan ƙattin layin gaba su tare duk wanda ya ɓullo da ƙwallo, ban taɓa samun bakwai na kirki a lokaci guda ba. A da uku ma sai na yi roƙo. Yanzu duk wanda ya tarar da ni a layin kofi sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Harlan, arziki ya yi maka yawa." Mai faɗin haka ba shi zai kalli mutum biyu ya ce su kwashe kayansu ba.

Huɗu ba a maganarsu, manyan ƙungiya da ke bene sun riga sun ɗora musu hannu. Na biyar a wurina Cornell ne. Shekara tara ke nan shi ke sa hular kwano mai koren ɗigo a ƙeya, hula ɗaya tak a cikin 'yan tsaro da ke da lasifika a ciki. Ni in latsa rediyo daga bakin fili in faɗi tsari, shi ya ji, ya jera mutum goma. Saura Mackey da wannan sabon yaron, Tavita. Su ne ciwon kaina.

Laraba, 6 ga Agusta, bayan atisayen yamma

Tavita ya wuce ni ɗauke da sulken kafaɗa biyar da huluna uku, kai kaɗai ke leƙowa. Haka ake yi wa sabon shiga, babu wanda ya tsira, ni ma na ɗauka a zamanina. Cornell na biye da shi hannu a aljihu yana cewa, "A hankali, ƙane, wannan hular ta girme ka a wurin nan. In ta faɗi, kai za ka gaishe ta."

"Dattijo, ai nauyin kanka ne ya saura a ciki," in ji yaron.

Duk suka kwashe da dariya. Cornell ya kai masa dundu a baya, sannan ya karɓi rabin kayan, abin da ban taɓa gani ya yi wa wani sabo ba.

Bayan cin abinci na leƙa ɗakin bidiyo na same su su biyu. Cornell ya tsayar da hoto yana nuna masa ƙafar mai tsaron layi. "Kalli dugadugansa. In ya sauke nauyi a baya, jifa za su yi. Kada ka kalli ƙwallo, ƙwallo maƙaryaciya ce." Abin da na koya masa ke nan shekara tara da suka wuce, har da yadda nake buga allon da ƙeyar alƙalami. Yaron nan a gurbin Cornell yake wasa. Cornell ya sani, kowa ya sani, amma yana zuba masa komai kamar mai ɗura ruwa a tulu. Na ja ƙofar a hankali na tafi.

Alhamis, 7 ga Agusta, da rana

Zafi. Babu wanda ya yi kuskuren da zai sauƙaƙa mini aiki.

Lahadi, 10 ga Agusta, da hantsi

Wasan gwaji na farko jiya. Na tafi da fatan ko mutum ɗaya zai ba ni kunya in samu abin riƙewa. Ina! Mackey ya kayar da mai jifa sau biyu. Tavita ya cafke ƙwallo a iska ya ruga da ita har sai da aka taru a kansa mutum uku. Cornell ya buga zagaye biyu kawai, ya jera yaran tsaf, ya fito yana neman ruwa.

A jirgi mai koyar da masu karɓar jifa ya zo ya zauna kusa da ni, shi da ba shi da ko uku masu iya riƙe ƙwallo. "Ka ba ni aron biyu mana, Harlan, arziki ya yi maka yawa." Na yi kamar barci ya ɗauke ni.

Talata, 12 ga Agusta, da yamma

An kira ni bene. Ofishin Kessler sanyi kamar cikin firji, shi kuma sanye da riga mai dogon hannu. Manaja ne mai ladabi, ba ya ɗaga murya, shi ya sa nake jin tsoronsa.

Na kai masa dabarata: a sallami Tavita a takarda, washegari a dawo da shi rukunin 'yan atisaye, ya shekara yana koyo. Kessler ya juyo mini da kwamfutarsa. Wai tun daren Asabar ƙungiya shida suka buga waya suna tambayar yaron. "In muka sake shi da ƙarfe huɗu, huɗu da minti ɗaya yana hannun wasu. Ba a ɓoye irin wannan, Harlan."

Sai ya tambaye ni shekarun Cornell. Ya san shekarun Cornell sarai, yana da su a gabansa. Na ce talatin da uku. Ya ce, "Haka ne." Koci Strand na tsaye bakin taga yana kallon masu yankan ciyawa, kamar shi ya ɗauke su aiki.

Na sauko ban bi ta ɗakin canja kaya ba.

Alhamis, 14 ga Agusta, bayan abincin rana

Cornell ya same ni a kwamin ƙanƙara ina jiƙa gwiwa. Ya shiga na kusa da ni, ya yi tsaki don sanyi. Can ya ce, "Koci, Mama Eula ta yarda."

Shekara uku yana lallashin uwarsa ta bar Mississippi ta dawo wurinsa. Tun da ƙodarta ta fara ba ta wahala, sau uku a mako ƙanensa Virgil ke kai ta wankin jini garin da ke da nisa, shi ma ga aikinsa. Ita kuma ta kafe, ba za ta bar cocinta da kabarin mijinta ba. Yanzu ta sauko, da sharaɗi ɗaya: in ta tashi, ta tashi ke nan, ba za a yi ta yawo da ita gari gari kamar akwati ba.

"Na ce mata ta jira ƙarshen wata," in ji shi. "Ka san ni, ba na ƙirga komai sai na ga kaina da hular rana a wasan ƙarshe."

Kowa a sana'ar nan ya san wannan. Wasan gwaji na ƙarshe na masu neman gurbi ne. Wanda aka ce ya ajiye sulke ya tsaya bakin fili da hular rana, gurbinsa ya tabbata, ana tattalin jikinsa ne don kakar wasa. Shekara takwas a jere Cornell na tsayawa da hular rana.

Ya kalle ni ta gefen ido yana murmushi. "Ko akwai abin da ya kamata in sani?"

Na ce ruwan ya yi sanyi da yawa yau. Ya ce ai kullum haka nake faɗa.

Lahadi, 17 ga Agusta, da sassafe

A wasan jiya Mackey ya faɗi a zagaye na uku babu wanda ya taɓa shi. Jijiyar bayan cinya. Likita ya ce bana sai dai kallo.

Da na ga an ɗauko motar ɗaukar masu rauni, abin da ya fara zuwa zuciyata shi ne: saura shida. Yaro na kwance yana cizon safar hannunsa, matarsa da ciki wata bakwai tana can sama cikin 'yan kallo, ni kuwa ina lissafi. Na je asibiti na riƙe hannunsa, ya ce, "Yi haƙuri, Koci, na ba ka kunya." Ban iya cin abinci ba.

Shida, gurbi biyar.

Talata, 19 ga Agusta, da yamma

Bene kuma.

Ba zan rubuta abin da aka ce ba. Na yi magana, na yi ta magana har muryata ta dishe. Na kawo bidiyo, na nuna musu sau nawa Cornell ya gyara tsari kafin a taɓa ƙwallo, abin da ba ya fitowa a kwamfutar Kessler. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ya gode, ya ce duk gaskiya ne. Sannan ya ambaci wata ƙungiya can bakin tekun yamma da lainbakansu na tsakiya ya karye. Cornell suke so. Sun ce a ba su shi lafiya lau, ko ƙwarzane babu, saboda haka ba zai buga wasan Jumma'a ba. Sai ran Talata za a sanar, don akwai abin da bai gama ƙulluwa ba tsakaninsu.

Na ce, "In kuka hana shi wasan Jumma'a, kun san abin da zai ɗauka."

Kessler ya ce, "Abin da ya ɗauka nasa ne. In maganar ta fita kafin Talata, cinikin ya mutu, sai mu sallame shi haka kawai ya zauna gida yana jiran waya. Mutum uku ne suka sani, kuma duk muna cikin ɗakin nan." Ya kalle ni ya ƙara da cewa kwantiragina a Janairu zai ƙare, yana fatan mu zauna a kai cikin daɗin rai.

Strand ya raka ni har bakin matakala. "Ba laifin kowa ba ne, Harlan. Arziki ne ya yi mana yawa." Da na buɗe baki da na faɗi abin da zai raba mu, sai na riƙe ƙarfen matakala na sauka.

Laraba, 20 ga Agusta, da rana

Na yi masa magana a rediyo sau arba'in da wani abu yau. Duk tsarin wasa ne.

Alhamis, 21 ga Agusta, bayan taron safe

Strand ya karanta sunayen waɗanda ba za su sa sulke gobe ba. Da ya zo kan Cornell, yaran suka hau buga tebur. Wani ya ce, "Dattijo ya sake tsallakewa!" Wani ya ce, "Ku kawo masa kujera mai lilo!" Cornell ya miƙe ya rusuna musu kamar mawaƙi, ya juyo ya nuna ni da yatsa yana dariya. Na ɗaga masa kofin kofi.

Tavita zai buga wasan tun daga farko har ƙarshe, shi zai ji muryata. Na ce wa Otis mai kula da kaya ya ciro lasifikar ya sa a hular yaron na dare ɗaya. Yaron ya zo ya same ni fuska duk ta yi fari. "Koci, in na rikice fa?" Kafin in amsa Cornell ya rungumo wuyansa ta baya. "In ka rikice ka kalle ni. Tsohon nan surutu gare shi, rabin abin da yake faɗa a kunne ba na ji, na dai saba ne."

Na kira Marlene da yamma. Ban gaya mata komai ba, ta ce, "Wane ne?" Na ce wane ne me. Ta ce, "Harlan, shekara talatin da ɗaya muna tare." Sai na gaya mata. Ta ce, "Ya san da maganar?" Na ce an hana ni. Ta ce ba abin da ta tambaye ni ke nan ba.

Asabar, 23 ga Agusta, da hantsi

Mun ci, in hakan na da wani amfani. Tavita ya tare mutum goma sha ɗaya, bai rikita tsari ko sau ɗaya ba. Yaron ya iya, wannan ba ƙarya. Da bai iya ba da na samu wanda zan tsana.

Cornell na bakin fili da farar hular rana, aljihu cike da 'ya'yan furen rana yana ɓarza yana tofar da ɓawo, yana bin layi sama da ƙasa yana ihu, "Dugadugai, ƙane! Kalli dugadugai!" Duk lokacin da yaron ya fito sai ya tare shi da allo. Mai ɗaukar hoton talabijin ya yi ta binsu.

Da aka tashi na wuce shi a hanyar shiga ɗaki, waya a kunne, ya toshe ɗaya kunnen da yatsa. "Virgil! Kana ji na? Ka karɓo babbar motar. E, ta tabbata. Ka ce wa Mama ta fara naɗe labulenta." Ya gan ni ya miƙo mini wayar. "Ga Koci, gaishe shi." Na ce sannu Virgil, ya gida. Virgil ya ce Allah ya saka mini da alheri.

Ran Talata da asuba za su taso, in ji Cornell. Kwana biyu ne a hanya saboda ba a gudu da ita.

Na ce wa Otis ya mayar da lasifikar hular Cornell kafin atisayen Litinin. Ya ce to, yana ta ninke tawul bai ɗago ba.

Lahadi, 24 ga Agusta, da yamma

An tashi sansani, kowa ya koma gidansa. Kamar kowace shekara Cornell ya tara 'yan ɗakinmu gashin nama a bayan gidansa. Na so in ce ba ni da lafiya, Marlene ta riga ta gasa kek ɗin 'ya'yan itacen fic ta sa a mota.

Haƙarƙari tun daren jiya yake kan wuta. Mackey ma ya zo da sanduna, aka ba shi kujera mafi kyau. Bayan an ci, Cornell ya ce babu mai tafiya sai ya biya kuɗin nama da gumi. Ashe katako ya sayo. Ƙatti shida suka duƙufa suna harhaɗa gangara a bakin ƙofa don keken da ake tura Mama Eula a ciki. Tavita ya buge yatsansa da guduma, aka yi ta masa tsiya, wai mutumin da ke kayar da ƙato mai nauyin firji ƙusa ta gagare shi.

Yvette, matar Cornell, ta ja mu ni da Marlene ta nuna mana ɗakin. Sun yi masa fenti ruwan ƙwai, sun sa ƙarfen riƙewa a banɗaki, taga na kallon bishiya. Ta ce an riga an samo mata gurbi a wurin wankin jini nan kusa, Litinin da Laraba da Jumma'a. "Koci, ba ka san irin nauyin da ka sauke mana ba," in ji ta. Marlene ta ce ɗakin ya yi kyau ƙwarai, ta fita da sauri wai ta bar wani abu a mota.

Sau biyu ina samun Cornell shi kaɗai a wurin wuta. Na farko na tambaye shi irin itacen da yake sawa. Na biyu na ce naman ya yi.

A hanya, da muka tsaya a danja, Marlene ta juyo ta ce, "Juya motar nan ka koma ka gaya masa."

Na ce yara na nan, Yvette na nan, ba wurin maganar ba ne. Na ce motar ba za ta taso ba sai Talata, ina da gobe. Na ce in Kessler ya gan ni da shi a keɓe zai gane, gobe kuwa ina da hanyar da babu mai ji sai shi.

"Hanyar da ba sai ka kalle shi ba, kake nufi," in ji ta. Danja ta ba da hannu, na ja mota.

Litinin, 25 ga Agusta, da sassafe

Na shirya abin da zan faɗa. Gajere ne.

Litinin, da la'asar

Bari in rubuta yadda ya faru.

Atisaye mara nauyi ne, hula da gajeren wando. Kessler na tsaye a barandar bene da kofinsa. Ban latsa rediyo ba tun da aka fara, na jira aka zo hutun shan ruwa. Cornell na tsakiyar fili ya ba ni baya, koren ɗigon na nan a ƙeyar hularsa, ina ganinsa sarai. Na kai rediyo baki, na rufe da takardar tsari kamar kullum, na latsa.

Na ce, "Cornell, kada ka juyo. Ka kira Virgil ka ce kada motar ta taso. Sun ba da kai ga wata ƙungiya can yamma, gobe za a sanar. Yaron za a riƙe. Ka yafe mini."

Bai motsa ba. Yana ta zuba wa kansa ruwa ta ragar hula yana yi wa wani ba'a. Na ce a raina, namiji, ya shanye.

Sai na ga Tavita. Yana can gefe da gorar ruwa a hannu, ya sandare. Ya juyo a hankali ya kalle ni, gorar ta zame ta faɗi. Sannan ya kalli Cornell.

Otis bai mayar da lasifikar ba. Daga baya ya gaya mini tun ran Asabar aka aiko daga bene a bar ta inda take. Ɗigon ne ya kasa ɓamɓarewa daga hular Cornell, ya ce hannunsa ya ƙi.

Aka busa usur aka koma layi. Na latsa na faɗi tsari, don ban san abin da zan yi ba in ba wannan ba. Cornell ya tsaya yana jira. Ya bubbuga gefen hularsa da tafin hannu, yadda yake yi in rediyo ta ɗauke. Ya sake bugawa. Ya juyo ya ɗaga mini hannu alamar ba ya ji. A bayansa Tavita na tsaye hawaye na bin fuskarsa, bakinsa na motsi da tsarin da na faɗa, ya kasa fitar da shi.

Cornell ya kalli yaron. Ya kalle ni, ya ɗaga kai ya kalli baranda. Mutumin da ke gane jifa daga dugadugan ƙato, wannan ba ta ɗauke shi komai ba.

Ya ce, "Faɗa mana, ƙane. Me tsohon ya ce? Da ƙarfi, mutum goma na jiranka." Yaron ya faɗi tsarin. Cornell ya maimaita shi da tsawa, aka jeru. Haka suka ƙarasa atisayen, yaron na ji, Cornell na tsaye kusa da shi.

Da aka tashi Tavita ya zo zai ɗauki sulkensa kamar kullum, Cornell ya hana shi. Ya sa farce ya ɓamɓare ɗigon daga hularsa, ya juya yaron, ya manna masa a ƙeya, ya danna da babban yatsa. Suka yi magana da ban ji ba. Sannan ya tako wurina, hula a hannu.

"Yaron ya gaya mini sauran," in ji shi. "Tun yaushe?"

Na ce tun Talata.

"Tun kafin hular rana."

Na ce e.

Ya gyaɗa kai ya daɗe yana kallon ciyawa. Na ce ya yi sauri ya kira Virgil, akwai sauran lokaci. Sai ya yi wata 'yar dariya da ban taɓa ji daga bakinsa ba.

"Sun taso tun jiya, Koci. Ana tashi daga coci. An yi mata walimar bankwana, ta ba Virgil makullin gidan ya kai wa masu haya, ta ce ba za ta ƙara kwana tana kallon akwatuna ba. Jiya da kake tambayata itacen gashi, suna kan hanya. Da ka faɗa ran Asabar ma..." Bai ƙarasa ba.

Na fara cewa an hana ni, na fara kawo maganar Kessler. Ya ɗaga hannu.

"Cinikin ban riƙe ka da shi ba. Sana'a ce, na ga an yi wa waɗanda suka fi ni. Yaron ma ya cancanta, ni na san abin da na zuba masa. Amma shekara tara kana cikin kunnena, Koci. Rana ɗaya da kake da maganar da ta shafe ni, ka kasa takowa ka faɗa mini a fuska."

Na sunkuyar da kai.

"Gobe da rana za su iso," ya ce. "Ni jirgi zan hau, ka san yadda ake yi, ana sanarwa sai gwajin likita a can. Yvette ba za ta iya ba. Kai za ka zo ka gaya wa uwata. Da bakinka, a gabanta."

Strand ya kira ni ofis bayan haka. Kessler na ciki. Abin da aka faɗa a can ba shi da muhimmanci.

Talata, 26 ga Agusta, da hantsi

An sanar. Cornell ya kwashe kabad ɗinsa da kansa, ya bi yaran ɗaya bayan ɗaya ya rungume su. Ya bar wa Tavita allon da yake zana masa tsari. Ni ya miƙo mini hannu, na kama, ya saki.

Biyar, gurbi biyar. Wani a layin kofi ya buɗe baki zai yi mini magana, ya ga fuskata ya fasa.

Talata, da rana, cikin mota

Na yi fakin a tsallaken titi. Babbar motar na ƙofar gida, Virgil na sauke kujera mai lilo. An riga an turo Mama Eula ta kan gangarar da muka harhaɗa, tana zaune a baranda da hular zuwa coci da jakarta a cinya, tana nuna wa Yvette inda za a ajiye tukwanen furanninta. Yvette ta gan ni, ta shige ciki.

Marlene ta ce in zo da ita, na ce a'a.

Yanzu Mama Eula ta hango motar. Ta kare ido da hannu, ta gane ni. Tana yafito ni da hannu biyu, tana dariya, ina jin muryarta har nan: "Koci Harlan! Fito mana, ɗana, zo in gan ka da kyau!"

Na ajiye wayata a kujera. Zan fita.